Tsohuwar Mota Da Ruwan Damina: A Duba Waya Kafin Hadari Ya Taso

Duk wanda ya yi damina a Garwa ya san wannan: ruwan Agusta ya sauko da dare, an ɗauko mai naƙuda ko yaro mai zazzaɓi za a kai asibiti, sai mota ta mutu a tsakiyar kwalbati, fitila ta ɗauke. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, laifin na wayoyi ne.

Yawancin tsofaffin motocin gidajenmu motocin haɗi ne. Peugeot 504 da muka sani, tun 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci da sassan da ake kawowa daga Faransa, da yawansu kuma suka tsallako Kamaru. Yau irin wannan mota ta sha hannun makanikai, injin daga nan, fitila daga can, kowa ya ƙara ƙullinsa a jikin wayoyinta.

Yanayinmu kuwa ba ya raga wa waya. Zafin Maris da Afrilu, wanda kan wuce digiri 40, yana busar da robar da ta lulluɓe ta har ta tsattsage. Ƙura ta cika tsagar, damina ta zo ta jiƙa ta. Daga nan jan ƙarfen ciki ya yi kore, wuta ta daina wucewa, ko ta bi jikin mota ta shanye batir cikin dare. Waɗanda suka ga ambaliyar Binuwai ta 2012 sun san yadda motar da ruwa ya shiga takan yi ta ba da wahala watanni bayan ta bushe.

Idan faci ya yi yawa, gara a sake wayoyin gaba ɗaya. Ga abin da ya kamata maigida ya tsaya a kansa a gareji. Da farko a cire kan batir mai alamar ragi kafin a taɓa komai. A sa wa kowace waya alama kafin a zare ta. A zaɓi kauri daidai da aikinta: ƙwan fitilar gaba mai wat 55 yana jan kusan amfiya 5 a batir mai bolt 12, biyu kuwa sun haura 9, siririyar waya ba za ta ɗauka ba sai ta yi zafi. Kowane layi a ba shi fis nasa kusa da batir. Mun sha ganin an maye gurbin fis da guntun waya ko takardar sigari mai ƙyalli. Wannan ganganci ne, domin an yi fis ne ya ƙone a madadin mota.

Sai kariya daga ruwa. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne. A like da dalma ko a matse da kan ƙarfe, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa zoben roba. A ɗaga akwatin fis sama da inda ruwa ke fantsama, bakinsa na kallon ƙasa, kuma a bar waya ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga, don ɗigon ruwa ya zube a waje. Wayar da ke komawa jikin mota, wadda makanikanmu ke kira mas, a kankare tsatsar wurinta a ɗaure tamau. A shafa man Vaseline a kan batir, a duba murfin delko da wayoyin buji ko sun tsage.

In kuwa mota ta mutu cikin ruwa mai zurfi, kada a sake tayar da ita. Ruwan da ya shiga injin yana iya lanƙwasa ƙarafunsa. A fitar da iyali tukuna, sannan a cire kan batir a jawo ta.

Watan Afrilu ne lokacin wannan aiki, kafin ruwan farko. Kuɗin waya da ladan makaniki sun fi sauƙi a kan kuɗin sabon inji. Allah ya kai mu damina lafiya, ya tsare mu a kan hanya.