Zuriyar Kisra da Alamun Sarautarta

Kamar yadda kowane babban gida a Sikotland yake da zanen tufa da tambarinsa, haka sarakunan Borgu suke da tambura da kakaki. Tarihin baka ya nuna cewa sarakunan Illo, ta ƙasar Bagudo, da na Bussa da Nikki duk jikokin Kisra ne, wanda aka ce daga gabas ya taso. A 1898 Ingila da Faransa suka raba ƙasar: Nikki ta faɗa Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, Illo da Bussa kuwa suka faɗa hannun Ingila. Amma iyaka ba ta yanke zumunci ba. A bikin Gani, da an busa kakaki an kaɗa tambura, kowane ɗan sarki yakan tuna asalinsa.