Yadda kamfanonin gem ke kama masu sa 'bot' ya buga musu wasa

A watan Satumban 2024, ana gab da rabon kuɗin kirifto na wasan Hamster Kombat da matasan Arewa suka shafe watanni suna dannawa a Telegram, masu wasan suka sanar cewa sun kori asusu miliyan 2.3 saboda maguɗi.

Sun ba da misalin mutum ɗaya da ya haɗa asusu sama da 400 da adireshi guda na Binance, da wani da ya gayyato "abokai" kusan 2,000 waɗanda aka gano duk na bogi ne.

Abin lura shi ne, ba ranar da aka fara maguɗin aka yi korar ba. An bar su suka yi ta tara maki, sai da lokacin biya ya zo aka rufe ƙofa. Haka manyan kamfanonin wasannin intanet suka daɗe suna yi.

Mene ne bot?

Bot manhaja ce da ke buga wasa a madadin mutum. Wata danna allo kawai take yi ba tsayawa. Wata kan tuƙa ɗan wasan cikin gem, ta sari itace, ta haƙo zinare, ta kashe dodanni, mai ita yana barci. A wasannin harbi irin su PUBG Mobile, Free Fire da Call of Duty kuwa, akwai wadda ke saita bindiga a kan abokin karawa da kanta.

A wasan da mutum ke bugawa shi kaɗai, wannan ba ya cutar da kowa. Amma inda dubban mutane ke gasa a fili ɗaya, bot na karya darajar kayan cikin wasa, yana kuma korar masu buga wasa da gaskiya, waɗanda su ne ke biyan kamfani kuɗi. Shi ya sa dokokin da mutum ke danna "na amince" a kansu ranar buɗe asusu suka haramta shi.

Me ya sa ba a kamawa nan take?

Masu tallan bot sukan ce nasu "ba a iya gano shi", hujjarsu kuma ita ce an yi watanni ana amfani da shi lafiya.

Sai dai kamfanoni kan jinkirta hukunci da gangan. Idan suka toshe mutum minti biyar bayan ya kunna bot, wanda ya ƙera manhajar zai gane abin da ya tona asirinta, ya gyara. Idan kuwa aka tara sunaye na makonni aka share su rana ɗaya, ba zai san ta inda aka shigo masa ba.

A watan Mayun 2015, kamfanin Blizzard na Amurka ya dakatar da asusun wasan World of Warcraft da rahotanni suka ce sun haura 100,000, na tsawon wata shida. Kafin nan, a watan Oktoban 2011, kamfanin Jagex da ke Ingila ya yi wa wasansa RuneScape wani sauyi da ya ce ya gurgunta kashi 98 cikin 100 na bot ɗin da ke ciki. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Hanyoyin ganowa

Hanya ta farko ita ce lura da ɗabi'a. Ɗan Adam na gajiya, yana kuskure, yana tashi ya ci abinci ko ya amsa waya. Manhaja kuwa tana iya danna wuri ɗaya a tazara iri ɗaya, ta bi hanya guda sau dubu, ta kwana ta wuni ba hutu. Duk wannan yana rubuce a kwamfutocin kamfani. Masu ƙera bot kan sa masa ɗan jinkiri da kuskuren ganganci don ya yi kama da mutum, amma idan mutum dubu suka sayi manhaja ɗaya, kuskuren nasu ma iri ɗaya yake fitowa.

Ta biyu ita ce binciken na'urar da ake wasan a kanta. Blizzard na da manhajar Warden da ke duba abin da ke aiki tare da wasan. Kamfanin Riot ya fito da Vanguard tare da wasan Valorant a 2020, Activision kuma ya kawo Ricochet a Call of Duty a 2021. Waɗannan biyun suna aiki ne a can cikin zuciyar tsarin kwamfuta, inda ɓuya ke da wuya.

Ta uku ita ce tarko. A watan Fabrairun 2023, kamfanin Valve ya sanar da korar asusu sama da 40,000 daga wasan Dota 2. Ya ce ya ɓoye wasu bayanai ne a cikin wasan, waɗanda mai buga wasa da gaskiya ba zai taɓa kai wa gare su ba, sai manhajar maguɗi. Duk asusun da ya leƙa wurin ya kama kansa da kansa.

Ricochet ma na da irin wannan dabara: yana nuna wa wanda ake zargi 'yan wasa na bogi da shi kaɗai ke ganin su. Idan bindigarsa ta bi su, magana ta ƙare.

Ta huɗu ita ce bin sawu: asusu da yawa daga waya ɗaya, ko dukiyar asusu ɗari da ke kwarara zuwa aljihu guda, kamar yadda aka gani a Hamster Kombat. Sai kuma ƙorafin sauran 'yan wasa.

Hukuncin ba iri ɗaya ba ne

Wani lokaci ba a ma gaya wa mutum an kama shi. A 2017, kamfanin Niantic ya riƙa ɓoye wa asusun da yake zargi halittu masu daraja a wasan Pokémon Go, sai gama-gari kawai suke gani. Daga baya ya fito da tsarin mataki uku: gargaɗi, dakatarwar kwana 30, sannan kora ta dindindin.

PUBG Mobile kan toshe asusu na shekara 10. Wasu wasannin kuma na'urar kanta suke toshewa, ta yadda buɗe sabon asusu ba zai yi amfani ba.

Duk abin da mutum ya saya a cikin asusun, kaya ne ko makami, ya tafi ke nan, domin a ƙa'idar mafi yawan kamfanoni asusun mallakarsu ne, izinin amfani kawai suka bayar. Wannan ya shafi har wanda ya sayi tsohon asusu a hannun wani, ko ya ba aboki aron nasa: hukuncin asusu yake bi, ba ya tambayar wanda ke riƙe da waya.

Masu ƙera manhajojin su kuma kotu ake kai su. A 2017 wata kotu a jihar Kalifoniya ta umarci kamfanin Bossland na Jamus ya biya Blizzard sama da dala miliyan 8 da rabi. A Koriya ta Kudu, ƙera irin waɗannan manhajoji ko rarraba su laifi ne da ka iya jawo ɗauri.

Haɗarin da ya fi kora

A watan Yulin 2024, masu binciken tsaron intanet na kamfanin ESET sun gano cewa wasu manhajojin da ake rabawa kyauta da sunan bot ɗin Hamster Kombat na ɗauke da Lumma Stealer, wata muguwar manhaja mai satar kalmomin sirri da bayanan asusun kirifto daga kwamfuta. Sun kuma gano wata ta bogi a Telegram da ke karɓe ikon karanta saƙonnin wayar Android.

Ga wanda wayar da yake gem da ita ce ke karɓar lambobin sirrin banki, wannan ya wuce batun wasa. Manhajar da aka sauko daga wajen Play Store, ta nemi izinin karanta saƙonni ko sarrafa allo, za ta iya ganin duk abin da mai wayar ke gani.

Wanda aka kora bisa kuskure na iya ɗaukaka ƙara ta shafin kamfanin. Amma kamfanoni ba su cika bayyana hujjarsu ba, don kada masu ƙera bot su koyi darasi daga ciki.