Almakashi da gam: yadda ake raya sunan marubuta mata baƙar fata a Amurka

A watan Fabrairu, watan tarihin baƙar fata a Amurka, da Maris da aka keɓe wa tarihin mata, ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa kan shirya wani zama maras tsada. Kayan aikin su ne almakashi, gam da tsofaffin mujallu. Yara da manya kan yanko hotuna, kalmomi da guntayen ƙyalle su manna a kwali, su fitar da hoto guda na karrama wata marubuciya. Sunan fasahar kolaj.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka wasan yara ne. Sai dai wani ɓangare na adabin waɗannan mata da guntayen takarda aka ceto shi.

Zora Neale Hurston, wadda ta wallafa Their Eyes Were Watching God a 1937, ta rasu cikin talauci a 1960 a garin Fort Pierce na jihar Florida, aka binne ta a kabarin da babu alama. Da ake share gidanta an cinna wa takardunta wuta, sai wani jami'in tsaro da ya san ta ya kashe wutar da ruwa. Abin da ya tsira yana ajiye a Jami'ar Florida, wasu shafukan da tabon ƙuna. Sai a 1973 marubuciya Alice Walker ta je maƙabartar ta kafa dutse mai ɗauke da sunanta.

Ita kuwa Toni Morrison, lokacin da take edita a kamfanin Random House, ta yi aikin littafin The Black Book na 1974, wanda shi kansa tarin yankakkun jaridu ne da hotuna da tallan cinikin bayi. A nan ta ci karo da labarin Margaret Garner, baiwar da ta gudu daga Kentucky a 1856, ta kashe ƴarta da aka cim mata don kada a mayar da yarinyar bauta. Wannan guntun jarida ne ya haifi Beloved a 1987. A 1993 Morrison ta zama baƙar mace ta farko da ta samu kyautar Nobel ta adabi.

Barazanar ba ta ƙare ba. Littafinta na farko, The Bluest Eye, ya sha shiga jerin da Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ke fitarwa na littattafan da aka fi neman a cire daga makarantu da ɗakunan karatu. Shi ya sa zaman kolaj ya wuce ƙawa. Yarinyar da ta manna fuskar Morrison a kwali za ta tambayi ko wace ce, kuma amsar tana kan kanta a ɗakin da take zaune, muddin ba a sauke littafin ba.