Ina Talaka Zai Kai Iyalinsa Ran Sallah?

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta shigar da hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta wajaba ta kiyaye, aka yi ta murna a gidajen rediyo, alhali kuwa a wannan shekarar ce 'yan sanda suka hana hawan Babbar Sallah saboda rikicin sarauta, suka kuma maimaita hanin a Sallolin 2025. Ba ni da niyyar shiga mas'alar wane ne ke da gaskiya a wannan rikici, domin masu wannan magana sun yi yawa, kuma ba su bukatar taimakona. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne abin da na gani da idona a unguwarmu a waɗannan ranaku: yara sun sha wanka, sun ci ado, an ba su goron Sallah, sun fito ƙofar gida da hantsi, suka tsaya cirko-cirko har la'asar, saboda da aka ɗauke Hawan Daushe da Hawan Nasarawa sai ta bayyana cewa a duk faɗin wannan birni babu sauran wani wuri da magidanci zai kai iyalinsa su yi annashuwa ba tare da ya zura hannu cikin aljihu ba.

Galibin masu sharhi, idan aka zo kan wannan batu, fetur suke ɗora wa laifi, su ce tun da aka janye tallafi talaka ya manta da shaƙatawa. Ni a ganina tsadar fetur tona asiri kawai ta yi. Cutar ta riga ta daɗe a jiki, kuma sunanta cin hurumi, watau mayar da filayen al'umma shaguna da fuloti, har nishaɗi ya tashi daga abin da ake tararwa a bayan gida da ƙafa ya koma abin da sai an hau mota, an yi tafiya, an yanki tikiti.

Duk da haka bari mu ba fetur haƙƙinsa, mu wuce. Ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafi, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, ko da yake ta ɗan sauko daga baya. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. To, ɗauki ƙaramin ma'aikaci a Kano wanda Allah ya hore masa tsohuwar mota, ya yi azamar kai iyalinsa Yankari su ga giwaye, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki: tafiyar ta doshi kilomita 400, zuwa da dawowa 800, idan kuwa motar tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, mai kaɗai ya cinye lita 80, watau a farashin ƙarshen 2024 ya zarce albashin wata guda tun ba a yi zancen masauki da abinci da kuɗin shiga ba. Ga kuma fargabar hanya, wadda tun bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 ta sa mutane da yawa suka ɗauki duk tafiyar da ba ta lalura ba a matsayin ganganci. Wannan lissafi sahihi ne. Amma fa a tambayi dattawa: yaushe ne talakan ƙasar Hausa ya taɓa dogara da Yankari domin nishaɗin 'ya'yansa? Ko a zamanin da mai ke araha, masu zuwa can 'yan ƙalilan ne, galibinsu ma'aikata da ɗalibai da Turawa.

Nishaɗin da aka san Bahaushe da shi ba ya bukatar guzuri. Kowace unguwa tana da dandalinta, inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, samari na langa da kokawa, dattawa na dara a gindin bishiya. Da rana yara na carafke da ginin laka a bakin kududdufi, da dare kaka na tatsuniya da kacici-kacici a tsakar gida. Idan azumi ya kai goma a fita tashe, idan Sallah ta zo a je kallon hawa, a zaga 'yan uwa yawon Sallah, wanda shi kansa ibada ne tunda sada zumunci ne. Duk waɗannan abubuwa sharaɗinsu ɗaya ne tak, shi ne a sami sarari wanda ba na kowa ba kuma na kowa, kusa da gida gwargwadon yadda uwa za ta leƙo ta kira ɗanta ya ji. Idan aka kawar da wannan sarari, to, an kawar da wasannin baki ɗaya, ko da kuwa ba wanda ya yi doka ya hana su.

Magabatanmu ba su ɗauki wannan sarari abin wasa ba. Kalmar hurumi da muke faɗa kullum daga harimi ta samo asali, watau yankin da fiƙihun Malikiyya ya keɓe a kewayen gari ko rijiya ko kogi domin maslahar jama'a, wanda ba ya halatta wani ya killace shi ya ce nasa ne. Malam Abdullahi na Gwandu ma ya wallafa littafi musamman a kan hukunce-hukuncen ƙasa da yadda ake mallakarta. Dokar ƙasa ta 1978 kuwa, da ta tattara ikon filayen birane ta danƙa a hannun gwamna, da lafazin amana ta danƙa, ba da lafazin gado ba. Sai dai abin da ya biyo baya kowa ya sani. Filin da aka zana a taswirar unguwa domin wasan yara, bayan 'yan shekaru sai a wayi gari an yanka shi fuloti; katangar makaranta da ta asibiti da ta maƙabarta a jera mata shaguna; gefen ganuwa, wadda aka fara ginawa tun ƙarni na 11 zuwa na 12, a cinye shi kaɗan-kaɗan; kududdufin da ke karɓar ruwan damina a cike shi da shara a ɗora bene, sa'an nan idan ambaliya ta shiga ɗakunan mutane a ce ikon Allah. Har filin Idi na Ƙofar Mata bai tsira ba, sai da aka kewaye shi da shaguna, wata gwamnati ta zo a 2023 ta rushe, maganar ta ƙare a kotu da batun diyya, 'yan kasuwa suka yi asara, yara kuma ba su sami komai ba.

Wannan a cikin unguwannin da ke da taswira ke nan. A sababbin unguwannin bayan gari, inda ɗimbin jama'ar birnin suke zaune yanzu, awon igiya ake yi: mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a tsaga gonar gida-gida, a bar lungun da ko adaidaita sahu da ƙyar take ratsawa. Ba zan zargi mai gona ba, domin babu wanda zai bar fuloti biyu kyauta saboda 'ya'yan mutanen da bai sani ba, matuƙar ba hukuma ce ta wajabta ba, ko kuwa wa'azi ya ratsa shi ya yi waƙafi. Mun iya waƙafin masallaci, har a sami uku a layi ɗaya, kowanne da lasifikarsa, amma ban cika jin mai hali ya sayi fili ya ce na yaran unguwa ne har abada ba, ko da yake ban san wani dalili na shari'a da zai hana hakan zama sadaka mai gudana ba.

Da sarari ya ƙare, sai 'yan kasuwa suka cike gurbin, kuma ba su yi laifi ba. Aka buɗe wuraren wasa masu lilo da jirgi mai juyawa da motocin lantarki, aka buɗe manyan kantuna irin Ado Bayero Mall da ya fara aiki a 2014, inda iyalai ke zuwa shan iska da ɗaukar hoto ko da ba za su sayi komai ba. Amma tsarin irin waɗannan wurare an gina shi ne a kan iyali mai 'ya'ya biyu, ba a kan gidan Bahaushe mai yara takwas da na riƙo biyu ba: kuɗin shiga a kan kowane kai, kowane lilo da nasa tikiti, abin sha da tsada, ga kuɗin adaidaita biyu zuwa da dawowa. Abin da ya rage mai rangwame shi ne gidan zoo da marigayi Audu Bako ya kafa a farkon shekarun 1970, lokacin da wurin yake bayan gari, wanda duk Sallah yake cika maƙil har ba masaka tsinke, cikar da ita kanta hujja ce a kan tsananin ƙishirwar mutane. Shi ma an taɓa bayyana niyyar ɗauke shi a mayar Tiga, tafiyar kimanin kilomita 70, da dalilin cewa hayaniyar gari na damun namun dajin, kuma ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane abin da zai sami filin da za a bari. 'Yan uwanmu mazauna Agege da Obalende sun ga irin wannan a Legas: bakin tekun Bar Beach, inda dā kowa ke zuwa da tabarmarsa kyauta, an cike shi da yashi an gina Eko Atlantic, sauran gaɓar kuma galibi sai an biya a ƙofa.

Akwai masu cewa fili idan aka bar shi haka nan matattarar 'yan daba da masu shaye-shaye yake zama, ko juji, don haka gara a gina shi a sami haraji da aikin yi. Wasu malamai kuma suna ƙyamar wuraren shaƙatawa saboda cakuɗuwar maza da mata. Akwai ƙamshin gaskiya a duka biyun, ba na musu. Sai dai filin da ya zama juji rashin mai kula ne ya mayar da shi haka, maganinsa maigadi da fitila da mai unguwa mai faɗa a ji; kuma ba mu ga dabar ta ragu ba bayan an gine filayen, sai ma ta kai ga 'yan sanda suna dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda ita. Game da cakuɗuwa kuwa, ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya Nana A'isha ta kalli wasan Habashawa a ranar Idi har sai da ta gaji don kanta. Abin da ake nema tsari ne da ladabi, ba toshe ƙofar mubahi ba.

Illar wannan hali ba daidai take faɗa wa kowa ba. Yaro namiji zai nemi mafita ko ta halin ƙaƙa: ya kafa duwatsu biyu a kan kwalta ya buga ƙwallo tsakanin motoci, ya tafi gidan kallo ya biya ya ga wasan Ingila, ko ya bi abokai wanka a ramin da masu haƙar ƙasa suka bari, inda kusan kowace damina ake jin labarin wanda ruwa ya ci. Yarinya mace da uwarta su ne aka bari da bango huɗu da wayar hannu. Gaɗa ta koma abin da ake gani a fim ko a ranar al'adu ta makaranta, kuɗin da dā za a tara a sayi ɗan abin wasa ya tafi sayen data, kuma yaron da ya tashi a haka zai iya lissafa maka 'yan wasan Sifen kaf amma bai taɓa hawa dutsen Dala ya hangi garinsu ba, ko da yake daga gidansu ana ganinsa.

Wani sakamakon kuma, wanda shi kaɗai ne zan iya kira alheri, shi ne komawar wasu iyalai ga aikin hannu a cikin gida, bisa ga karin maganar nan cewa rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Tsadar kayan miya ta sa ana cika buhunan siminti da ƙasa da taki a jera a jikin katanga, a shuka tumatir da attaruhu da alayyahu da zogale, a ɗora wa yara alhakin ban ruwa safe da yamma. Wasu sun koma kiwon zomo da tantabara da kaji, uba da ɗa su kwana biyu suna ƙera akurki da ragowar katako da waya. 'Yan mata na koyon kitso da lalle da saƙa da ɗinkin hula, har su sami na kashewa ran Sallah. Wannan nishaɗi ne da tarbiyya da tattali a haɗe, kuma ya fi lilon minti biyar nesa ba kusa ba, domin yaron da ya ga irin da ya binne ya tsiro ya koyi haƙuri da tafakkuri ba tare da an yi masa huɗuba ba. Amma kada a ruɗe mu da shi. Lambun buhu yana bukatar tsakar gida, da ruwa wanda a unguwanni da yawa sai an saya wurin 'yan garuwa; mai ɗaki ɗaya a gidan haya, wanda ke raba tsakar gida da iyalai shida, kuma mai gidan ya gina ɗakuna har bakin masai don ƙarin kuɗin haya, ba shi da inda zai ajiye buhu balle akurki. Cin hurumin da aka yi a waje shi ne dai ya biyo mutane har cikin gida.

Maƙwabcina, malamin firamare mai 'ya'ya bakwai, yana da buhu goma sha biyu a jikin katangarsa, kuma a Sallar da ta wuce da tumatirinsa aka yi miya. Da la'asar na same shi a ƙofar gida yana tsare da bakin lungu, yana ɗaga wa masu babur hannu su sassauta, saboda yaransa da na maƙwabta sun kafa gola a tsakiyar hanya. Na ce masa, Malam, yau kai ne ɗan sandan hanya? Ya nuna mini jerin shagunan da ke fuskantarmu, masu sayar da taya da man juye, ya ce a daidai nan ya koyi ƙwallo, kuma a nan aka yi kamun amaryarsa.