Kowane Lokaci da Abincinsa

Idan marka ta kankama, wajen watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. A daidai lokacin ne Allah yake cika bayan gari da ganye: tafasa, rama, yaɗiya, lalo, ga zogale ya yi shar a bayan ɗaki. A gidanmu kwaɗon tafasa ne abincin hantsi. A tsinko ƙananan ganye tun da raɓa, a dafa, a matse ruwan, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da albasa da yaji. Wasu na raina shi, wai cimar talaka ce. Amma irin wannan ganye, musamman zogale, yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da bitamin A mai taimakon ido, ga shi ya zo lokacin da manomi ke wuni a duƙe. Abin da ke ba ni takaici shi ne a sare zogalen tsakar gida don a shafe ƙasa da siminti, sannan a koma sayen garinsa a kwalba da tsada.

Damina kuma lokacin sauro ce, kuma a nan ba na sassauci. Sirace da ganyen darbejiya da na mangwaro yana sa gumi, jiki ya ɗan saki, amma ba ya kawar da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro daga jini. Yaro ya yi zafin jiki, a kai shi asibiti a gwada. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi wata-wata a damina a yankin Sahel. Idan masu rabawa suka yi sallama, a karɓe su.

Kaka ba ta bukatar talla: tumu, sabuwar gyaɗa, kabewa, ɗinya. Aikinta shi ne shanya. A busar da kuɓewa da kuka da zoɓo, ganye dai a inuwa, don kada rana ta cinye amfaninsa.

Da hunturu ya buso, sai kayan yaji su karɓi girki. Citta, kanumfari, masoro da kimba a kunu ko shayi, da zuma da lemun tsami idan maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi. Sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma. Man kaɗanya kuwa har yau ban ga abin da ya kai shi maganin faso da kaushi ba. Kunun kanwa ne nake jan kunnen masu jego a kansa: tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan shansa, haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon wuta, da ciwon zuciya bayan haihuwa.

Bazara ta fi son tsami da ruwa. Kunun tsamiya, fura da nono, kankana, mangwaro, da garin ƙwallon kuka mai yawan bitamin C. Zoɓo yana ɗan sauko da hawan jini, amma mai shan maganin asibiti kada ya ajiye nasa saboda shi. A rage wa zoɓon sukari, a jefa citta da ɓawon abarba, a sanyaya a randa.