Taswirar Safiyo: Abin da Ake Buƙata da Kuɗin da Ake Kashewa

Kafin hukuma irin su KADGIS a Kaduna ko KANGIS a Kano ta ba ka takardar shaidar mallakar fili, sai an san iyakarsa a taswira. Aikin safiyo ke nan: ya auna, ya kafa tubalan siminti masu lamba a kowace kusurwa, ya zana, ya buga hatiminsa, a kai kwafi ofishin Safiyo Janar na jiha. Kai kuma ka tanadi takardar ciniki, kuma gara maƙwabta su tsaya a kan iyaka ranar awo.

Kuɗin ya danganta da girman fili, unguwa da jiha. Sai dai araha ba ta ado: safiyon da ba shi da rajistar SURCON (majalisar da ke yi wa masu aikin safiyo rajista a Najeriya), hukuma ba ta karɓar taswirarsa. Tambayi lambar rajistarsa kafin ka biya ko kwabo.