Maganin Homon da Lafiyar Ƙashi Bayan Ɗaukewar Al'ada

Ƙashi ba busasshen icce ba ne. Kullum wasu ƙwayoyin halitta na rushe tsohonsa, wasu na gina sabo. A jikin mace, sinadarin estirojin ne ke ja wa masu rushewar linzami. Da zarar al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, sinadarin sai ya ja baya, rushewa ta rinjayi gini. Ba ciwo, ba alama, sai ranar da tsohuwa ta zame a bakin rijiya, ta dafa ƙasa, wuyan hannu ya karye. Ƙugu da ƙashin baya ma haka, kuma ranƙwafawar da ake dangantawa da tsufa kawai sau da yawa ƙananan karaya ne a gadon baya.

Maganin homon yana mayar wa jiki estirojin ɗin, ta ƙwayar sha, ko filastar da ake mannawa a fata, ko man shafawa. Wadda mahaifarta ke nan dole a haɗa mata da furojestaron, domin estirojin shi kaɗai na iya jawo sankarar mahaifa.

Babban binciken Women's Health Initiative na Amurka, a kan mata fiye da 16,000, ya nuna karayar ƙugu ta ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku a wajen masu shan maganin. Amma an dakatar da shi a 2002, saboda an ga ƙaruwar sankarar mama, da gudan jini a jijiya, da shanyewar ɓarin jiki. Mata da yawa suka watsar da maganin. Daga baya aka lura matsakaicin shekarun matan 63 ne, sun daɗe da barin al'ada. Yanzu likitoci na ganin amfanin ya fi illar yawa ga wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, musamman in zafin jiki da gumin dare sun dame ta. Filasta da man shafawa ba su kai ƙwaya haɗarin gudan jini ba. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin 40 kuwa, ita ta fi kowa bukatarsa.

Ba a ba wadda ta taɓa yin sankarar mama ko gudan jini maganin homon, amma akwai wasu magungunan ƙashi irin su alendironet. In aka daina homon, kariyar kan dushe a hankali, shi ya sa likita ke sake auna ƙarfin ƙashin.